Bakano, Masara Ba Ta San Tayi Ba

Alhaji, na Dabo, ya ƙarin haƙuri? Na so in zo har Kantin Kwari in yi maka jaje baki da baki, sai na tuna in na shiga shagonka ba zan fito ba sai ka liƙa mini yadi biyar ɗin da ban yi niyya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto a nan, inda jama'a za su gani, tunda ku ba kwa yarda da magana sai da shaidu da rasiɗi.

Jama'a, ga yadda aka yi. Wata shekara masara ta yi tsada, sai wannan bawan Allah ya zauna a bakin kanti ya ɗauko kwalkuleta, ya danna, ya sake dannawa, ya ga ashe Zagezagi ne ke kwashe kuɗin duniya shi yana can yana auna atamfa. Ranar wata Asabar sai ga shi a Zariya, babbar riga ta sha sitati, takalmi sau-ciki yana ƙyalli, wai in nema masa gona. Na ce, Alhaji, tun ranar da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, baba aka ba Kano, aka ce ku je ku yi ta rini. Tafin hannunku shuɗi ya sani, bai san ƙotar fartanya ba. Ya murza hula ya ce ai Kano ko da me ka zo an fi ka. Na ce to ai ni ban zo ba, kai ka zo.

Na samo maka hekta biyu a hanyar Soba, ƙasa mai jiki, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, don masara in ruwa ya kwanta mata kwana biyu sai ta koma rawaya. Mai gonar ya faɗi kuɗin haya, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Wannan shi ne ciniki na farko kuma na ƙarshe da ka ci riba a kansa a harkar nan. Daga ranar ka ɗauka kowa a gona haka yake, har ƙasa da ruwan sama da tsutsa, in an ja da su za su rage.

Maganar iri muka fara ɓatawa. Na ce maka ga Samaru nan a bayan gidanmu. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta rungume cibiyar. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, ko SAMMAZ na masara, ko SAMPEA na wake, ko SAMNUT na gyaɗa, ko SAMSORG na dawa, sunan Samaru ne aka gutsura aka liƙa masa. Hekta guda kilo 20 zuwa 25 na iri ya ishe ta. Da ka ji kuɗin sai ka yi dariya, ka ce da wannan kuɗin ai buhu guda cur za ka ɗauko a Dawanau. Ka kuwa ɗauko, masarar tuwo, wadda Allah kaɗai ya san gonaki nawa aka haɗa a cikinta. Akasarinta 'ya'yan masara mai aure ne, ita kuwa mai aure sau ɗaya ake cin moriyarta. In ka sake shuka abin da ta haifa, 'ya'yan ba sa gado iyayen: wani dogo, wani gajere, wani ya yi goyo wani ya tsaya yana kallo. Ko gwajin da tsofaffi ke yi ba ka yi ba, a ƙirga ƙwaya ɗari a naɗe a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako a buɗe a ga nawa suka tsira. Araha dai ba ta ado, amma wa ya isa ya faɗa wa Bakano haka?

Sai ruwan farko ya sauka, irin na bazara mai ƙamshin ƙasa da ke yaudarar baƙo. Ƙarfe shida na safe wayata ta yi ƙara. "An yi ruwa, ku shuka, kada wani ya riga mu!" Kamar dai masara sabon yayi ce da ake rige-rigen kai wa kasuwa. A ƙasar Zazzau mai hankali yana jira damina ta zauna, daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, a yi ruwa biyu ko uku masu nauyi har laima ta ratsa ƙasa. Binne na gero ne, a can arewa inda kuka saba. Ka matsa aka shuka, sama ta ɗauke mako biyu, tsiron ya leƙo ya ga rana ya koma inda ya fito. Aka sake sayen iri, aka sake biyan 'yan ƙwadago. Ban ga ka danna wannan a kwalkuleta ba.

A shuka ta biyu ka zo da kanka, ka tsaya a gindin ɗorawa da lema. Na nuna wa yara yadda ake yi: tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25, wato ɗani guda da ɗan ƙari, ƙwaya ɗaya a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu. In kuma an buɗa tazarar ta kai 50, a sa biyu. Ko ta wace hanya aka bi, hekta takan ɗauki tsiro wajen dubu 53, kowanne da rabonsa na rana da taki. Ina juya baya ka ce su riƙa zuba biyar-biyar, wai gyara ce. Bayan mako biyu da lokacin cira ya yi, a rage masu rauni a bar masu ƙarfi, ka hana. Wai yaya za a tuge abin da ka sa wa kuɗi? Gonar ta tashi a cunkushe kamar lungunan Kurmi ranar jajibirin Salla, kowane kara siriri, yana miƙa wuya yana neman iska.

Taki kuwa, a nan na tabbata jinin ciniki ba ya barin mutum. Na ce hekta guda tana son kamfa buhu takwas, mai lamba 15:15:15, a ba ta cikin mako biyun farko, sannan yuriya kusan buhu uku in ta kai mako biyar zuwa shida, lokacin da take shirin miƙewa. Ka dube ni ka ce, "Ba za ta karɓi uku ba?" Na ce ga ta nan, tambaye ta. Ka ce to huɗu, Allah ya sa albarka. Ita dai ba ta ce komai ba, ta ajiye amsarta sai kaka. Ɗan abin da ka saya ɗin ma ba a ba ta yadda ya kamata ba. Taki ana haƙa masa ɗan rami ne a gefen tsiro, nesa kaɗan da kara don kada ya ƙone shi, a zuba cikin murfin kwalbar lemo, a rufe da ƙasa mai laima. Yuriya musamman, in aka bar ta a fili rana ta doke ta, ƙarfinta bin iska yake yi, in kuma ruwa mai ƙarfi ya zo ya kwashe saura ya kai wa na gangare. Kai kuwa ka sa aka watsa ta sama-sama kamar mai liƙi a gidan biki. Maƙwabcinka na ƙasa yana gaishe ka, ya ce a yi maka godiya.

Kada Kanawan ƙauye su ji haushina, ba da su nake ba. Mutanen da suka yi shekaru aru-aru suna kwasar sharar birni a mangala bisa jakuna suna kai wa gona, suna noma ƙasa guda kowace damina ba hutu kuma ba ta gaji ba, waɗannan ko a Samaru ana cire musu hula. Na Kura da Kadawa da ke shan ruwan Tiga suna fid da shinkafa da tumatir da alkama su ma na sallama musu. Da kai nake, ɗan cikin badala, wanda abin da ya sani game da dalar gyaɗa shi ne kakansa ya taɓa zama a inuwarta yana ƙirga buhu.

Daga nan ka koma Kano ka buɗe sabon salo, noman waya. Kullum bayan la'asar ka kira yaron gona: "Ya gona?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji." Ya turo maka hoto. Ba ka lura ba duk hotunan kusurwa guda ce, ta bakin hanya, wadda ya nome fes kamar tsakar gidan amarya. Can ciki kuwa tofa da kiri-kiri da aya-aya sun yi taron dangi. Makonni shidan farko su ne rayuwar masara. Noman firi yana zuwa a mako na biyu ko na uku, maimai a na biyar ko na shida, sannan a tara mata ƙasa a gindi don kada iskar marka ta kwantar da ita. Abin da ciyawa ta ci a wannan tsakanin ya tafi ke nan, ko ka zo daga baya da 'yan ƙwadago ɗari. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma kai tsakanin Kano da Zariya ka mai da shi kamar tafiyar Makka a ƙasa.

Ranar da ka daure ka zo, ka tarar da wani abu da ya faranta maka rai. Furanni ja-ja masu ruwan hoda sun cika tsakanin kunyoyi. Ka durƙusa ka ɗauki hoto, ka sa a Facebook, ka rubuta wai gona ta yi fure, masu hassada sai su mutu. Zagezagi suka yi ta danna maka alamar so suna dariya har da hawaye. Alhaji, wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ba ta da saiwar neman abinci ta kanta, saiwar masara take kamawa a ƙarƙashin ƙasa ta yi ta tsotsa, kuma kafin ta leƙo waje ta riga ta gama ɓarnar. Gindi guda yana zubar da 'ya'ya dubbai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran a sake shuka masara ko dawa ko gero. Maganinta a tuge ta kafin ta yi fure a ƙone, a ƙosar da gona da takin gida, a kuma riƙa juya shuka: bana masara, baɗi waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke ruɗinta ta tsira ta rasa abin kamawa ta mutu. Na daɗe ina tunanin me ya sa ka ƙaunace ta daga gani ɗaya, sai daga baya na gane. Ba ta huɗa, ba ta shuka, tana zaune a tsakani tana cin la'ada. Jini ne ya ga jini.

Tsutsa ma ta zo ta karɓi nata. Wannan baƙuwar da ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, yanzu ta zama 'yar gida. Alamarta ba ta ɓuya ga mai shiga gona: ganye ya yi huji-huji, in ka leƙa cikin kunnen masara ka ga kashinta kamar garin katako. Da rana tana can ƙuryar kunnen a ɓoye, don haka feshi da sassafe ake yi ko da yamma, a saita bakin famfon cikin kunnen, tun tana ƙarama. Masu ƙaramar gona har toka ko yashi suke zubawa a ciki. Kai ka sa aka yi da tsakar rana, kuma don a yi tattali ka ce a tsinka maganin kamar kokon gidan da baƙi suka yi wa yawa. Tsutsar ta yi wanka ta gode. Yaron da ya goya famfon kuwa ba takalmin roba, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ya kwana yana amai. Wannan kam ban yi dariya ba, kuma na gaya maka a gabansa.

Yanzu ga inda nake so jama'a su gyara zama. Shekara da shekaru Kanawa na yi mana gori wai Bazazzagi bai san mace da namiji ba a magana, wai mu ne masu cewa "mota na ya lalace". Mun ji, mun haƙura. To ashe Bakano ne bai san mace da namiji ba a gona, inda abin yake da ciwo. Masara, Alhaji, mijinta da matarta a jikin kara guda suke. Furen nan da ke fitowa a can ƙololuwa shi ne namijin, shi ke zubo da gari mai kama da ƙura. Gemun da ke leƙowa daga bakin goyo, duk da sunansa gemu, shi ne macen. Kowane silin gemu guda yana tafiya ne zuwa ƙwaya guda a jikin totuwa, kuma sai garin nan ya faɗa a kansa ƙwayar za ta cika. Shi ya sa fari a wannan makon ya fi kowane fari ciwo, shi ya sa kuma manomi ke tafiya a hankali a gona in masara ta fid da kai. Kai da ka zo ka ga kawunan sun fito kore shar, sai idonka ya hango ragunan da kake kiwo a bayan gida. Ka ce wannan saman ai banza ne, ba a cinsa, a sassare a ɗaure a loda a mota. Ka sa aka yi wa rabin gona kaciya tun gemu bai gama fitowa ba. Da kaka ta yi muka ɓare goyo, sai ga totuwa da ƙwaya ɗaya a nan ɗaya a can, kamar bakin tsohuwar da ta shekara casa'in tana cin goro. Ragunan dai sun yi ƙiba, ban hana ba. Daga yau duk Bakanon da ya sake yi mini gorin "mota na", totuwar nan zan ciro daga aljihu, don na ajiye guda.

Hangen Dala ba shiga birni ba, wannan karin maganarku ce, amma kai ka fara manta ta. Ka ji farashi bai faɗi ba tukuna, ka ce a karye masara a riga kowa. Masara tana faɗin nunarta da kanta: ɓawo ya bushe ya yi fari, goyo ya sunkuya, in ka ɓanɓare ƙwaya ka ga baƙin ɗigo a gindinta. Taka ko ɗigon ba ta yi ba. Aka karye ta da ɗanyenta, aka zube a ƙasa tsirara, raɓa ta sauka, ruwan ƙarshe ya taɓa ta, aka tattara aka ɗura a buhu da ɗuminta. Shanya a kan tamfol ake yi ko daɓe mai tsabta, ana juyawa, har laimar ta sauko wajen kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'ura yana da haƙori: in ka ciza ta fashe ƙaras, ta yi. Ko a zuba ƙwaya da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura.

A nan zan ajiye wasa kaɗan, don abin ya wuce ni da kai. Masarar da aka ɗura da laima tana yin fumfuna, kuma wani irin fumfunan yana haifar da gubar da masana ke kira afulatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana tauye girman yara, tana kashe kaji, shi ya sa manyan masu haɗa abincin kaji ke gwada masara kafin su saya. Sannan da ƙwari suka fara huda buhunanka, wani ya ba ka shawarar ka yayyafa fiya-fiya. Na rantse maka da na ji, sai da na ajiye cokali. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya shi ne aka riƙa samu a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Su Turawa suna da wurin gwaji suka ce ba sa so. Wanda aka hana shiga can, cikin wa ya koma? Na 'ya'yanka da nawa. Alhali ga buhun PICS nan a kasuwa, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. A zuba busasshen hatsi, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba ɗigon magani. A jera buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Na gode wa Allah da ka ji wannan guda ɗaya, ko da yake na san tsadar fiya-fiyar ce ta taimaka.

Lissafin ƙarshe: hekta biyu, buhu goma sha ɗaya, biyu daga ciki sai dai a zubar. Dattijon da ke iyaka da kai, wanda ka yi wa dariya don wayarsa ba ta ɗaukar hoto, buhu talatin da biyar ya ɗaure a hekta guda.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a bakin Bazazzagi. Dattijon nan tun masara na kan tamfol ya sayar da fiye da rabi, a lokacin da kowa ke sayarwa, don ga bashin taki ga kuɗin makaranta ga auren 'ya. Wa ya saya? Ɗan'uwanka, da tirela, daga Saminaka har Giwa, ya kai Dawanau ya kulle ya jira bazara. Mu mun iya fitar da ita daga ƙasa, ku kun iya sanin ranar da za a buɗe sito, kuma sau da yawa mai makulli ya fi mai fartanya samu. Wannan yana ci mini rai, kuma da Zagezagi za su haɗa kai su yi rumbun ƙungiya su daina sayarwa da kaka, da an ga yadda Bakano ke kuka da hawaye na gaske.

Saura hakkoki biyu. Abin da ya rage maka ya haura nisabi, kuma ruwan sama ya shayar da shi, don haka ɗaya cikin goma na mabukata ne. Wannan ba a tayawa, kada ka ce za a yi ragi. Na biyu, kuɗin sharata na shekara uku suna wuyanka, ga na dillancin gona, ga na wannan karatu da na ba ka kyauta a gaban jama'a.

Mai gonar ya ce in tambaye ka ko za ka sake bana. In za ka sake, ka iso Zariya kafin ƙarshen Mayu, da takalmin roba da tsohuwar riga, ka bar kwalkuletar a Kwari. Ka taho mini da gurasa, bandashe, mai yawan ƙuli.